Asalin Kilo da Hekta, da Amfanin Saninsu ga Mai Noman Auduga

 

Abin da ya sa na rubuta wannan takarda, wata tambaya ce da wani dattijo ya yi mini bara, ran da mu ke rabon iri. Na ce masa, "Baba, naka kilo ashirin ne." Ya dube ni ya ce, "Yaro, kakanninmu sun baro Sakkwato da mudu da tiya, suka iske kela da ratal da kantar a nan, muka saba da su. Shi wannan kilo ɗan wane ne, daga wane gari kuma ya zo?" Jama'a suka yi dariya, ni ma na yi, amma a raina kunya na ji, don kullum bakina ba ya rabuwa da kilo, ga shi an tambaye ni asalinsa na yi shiru. Ni karatuna bai wuce firamare ba. Sai na shiga tambayar waɗanda suka fi ni, ina duba littattafan ofis, har na samo amsa. Da na samo ta kuwa, sai na ga ashe ba maganar hira kaɗai ba ce, magana ce da ke taɓa aljihun kowane manomi.

Kalmar kilo ta fito daga harshen Yunanawa, watau mutanen ƙasar Girka, waɗanda Larabawan Sudan ke kira Agarik. Dattawanmu sun san su, don a zamanin mulkin Ingilishi suna da kantuna da yawa a Khartum da Wad Madani da Bur Sudan. Cikin tsohon harshensu, in za su ce dubu sai su ce "khilioi". Ma'anar ke nan, babu ƙari. Kilo ba nauyi ba ne, ba kuwa nisa ba ne. Ƙidaya ce, dubu. In an ce kilogiram, giram dubu a ke nufi. In an ce kilomita, mita dubu. In an ce kilowat, wat dubu na wutar lantarki. Mu ne muka datse wutsiyar, mu ke cewa kilo kawai, mai sayen nama ya ce kilo, direban mota ya ce kilo, kowa da abin da ya ke nufi.

Amma ba Yunanawa suka ɗora wannan kalma a kan sikeli ba, Faransawa ne. A da can ƙasar Faransa kowane gari da nasa mudu, kowane hakimi da nasa kamu, talaka ya auna hatsi a nan ya cika, ya kai can a ce bai cika ba. Bayan juyin mulkinsu na 1789 sai hukuma ta tara masana ta ce su fito da awo guda na kowa da kowa. Ran 7 ga Afrilu 1795 aka kafa dokar. Suka ɗauki nisan da ke tsakanin ƙarshen duniya na arewa da tsakiyarta, suka raba shi gida miliyan goma, kashi ɗaya suka kira shi mita. Suka ce akwatin da tsawonsa da faɗinsa da zurfinsa duk santimita 10 ne, cikinsa lita ɗaya. Nauyin ruwan da ya cika wannan akwati kuwa, shi ne kilogiram ɗaya. Ku riƙe wannan na ƙarshe, za mu komo kansa.

Sa'an nan suka yi wata dabara wajen suna. In awo zai hau sama, sai su ari ƙidayar Yunanawa: deka goma, hekto ɗari, kilo dubu. In zai sauka ƙasa, sai su ari ta Rumawa, watau Latin: desi kashi ɗaya cikin goma, santi ɗaya cikin ɗari, mili ɗaya cikin dubu. Akwai ma wani miriya, dubu goma, amma shi bai yi farin jini ba, an bar shi. A 1875 ƙasashe 17 suka sa hannu a birnin Faris suka yarda da wannan awo. A 1889 aka ajiye wani ɗan curin ƙarfe kusa da Faris, bai kai ƙwan kaza tsawo ba, aka ce shi ne uban kilo na duniya duka, kowane sikeli da shi za a gwada. Shekara 130 yana wannan sarauta, sai a 2019 masana suka sauke shi, suka koma ga wani lissafi wanda ba ya tsatsa, ba ya lalacewa. Nauyin kilo dai bai sake ba, yana nan yadda kuka san shi.

Daga nan kalmar ta bazu. Balarabe ya ce kilo, Bature ya ce kilo, Baturke da Basawahile haka. Maƙwabtanmu Habashawa, can inda kogin nan namu ya fito, suna da unguwanni a Addis Ababa da a ke kira Arat Kilo da Sidist Kilo, watau kilo huɗu da kilo shida. A Bangi akwai unguwar Kilomita Biyar inda Hausawa 'yan kasuwa suka daɗe da zama. Mu ma a Jazira akwai Kilo 57, wurin da a ke rarraba ruwan manyan magudanu, nisansa ke nan daga madatsar Sinnar. Abin da ya fi ba ni dariya shi ne Yunanawan kansu. Yau in Bayunane zai sayi nama sai ya ce kilo, yadda Faransawa suka lanƙwasa ta. Ɗansu ya tafi yawon duniya ya komo da rigar wani gari, suka karɓe shi haka nan. Mutanen Sin kuwa ba su ari kalmar ba, fassara ta suka yi, suna cewa giram dubu da bakinsu.

Kada wani ya ce ai wannan kayan baƙi ne. Mu Hausawa mun daɗe muna aron ƙidaya. Ashirin, talatin, arba'in, har casa'in, duk daga Larabci muka samo su, ba wanda ya ke jin su baƙi yau. Har awon da Baba ya ce mun saba da shi, shi ma matafiyi ne. Ƙirat daga Yunananci ya shiga Larabci, asalinsa sunan ƙwayar wani itace da a ke auna zinariya da ita. Dirhami daga "drakma" ne, kuɗin Yunanawa. Ratal daga "litra" ne, kuma daga wannan kalma lita ta fito, ashe ratal da lita tsatsonsu ɗaya. Kantar kuwa asalinsa ɗari ne da harshen Rumawa, ya bi ta bakin Yunanawa ya iso ga Larabawa. Da na gaya wa Baba haka sai ya ce, "To, ashe duk 'yan gida ɗaya ne, wani ya riga wani isowa."

HEKTA DA FADDAN

Yanzu mu shiga gona, don nan ne maganar ta ke da nauyi.

Hekta ɗan'uwan kilo ne. Farkon kalmar shi ne hekto ɗin nan, ɗari. Faransawa suna da wani ƙaramin awon fili mai suna ar, mita 10 tsawo, mita 10 faɗi. Irinsa ɗari shi ne hekta. Watau filin da tsawonsa mita 100 ne, faɗinsa mita 100, murabba'in mita 10,000 ke nan. Faddan namu kuwa murabba'in mita 4,200 ne, kamar fili mai mita 70 tsawo, mita 60 faɗi. Ƙirat 24 ke cikin faddan, kowane ƙirat murabba'in mita 175. Hawasha mai faddan 10 ta tsarin farko na Jazira, wadda aka fara shayarwa daga madatsar Sinnar a 1925, mita 280 ce da mita 150.

To, ku duba da kyau. Hekta ɗaya ta fi faddan biyu, ta kusa faddan biyu da rabi. In an bi lissafi daidai, faddan 2.38 ne. Faddan bai kai rabin hekta ba.

Ina ruwan manomi da wannan? Ruwansa shi ne, yawancin maganin feshi da takin zamani da iri da a ke kawo mana daga waje su ke zuwa, kuma sau da yawa abin da aka rubuta a jikin gwangwani lissafin hekta ne. Mu kuwa gonakinmu da faddan mu ke ƙirga su. Wanda ya ga an rubuta lita ɗaya a hekta, ya ɗauka lita ɗaya a faddan, ya zuba ninki biyu da wani abu na abin da ya kamata.

Na ga wannan da idona shekaran bara. Wani manomi, mutumin kirki mai ƙwazo, ya sayo maganin ciyawa a kasuwa. Ɗansa ya karanta masa rubutun, ya ga lamba, bai lura da kalmar da ke bayan lambar ba. Suka fesa wa faddan biyar maganin da ya ishi hekta biyar. Da na je kewaya bayan kwanaki, na iske tsiron ya fito a ƙanƙance, ganye ya yi rawaya ya murɗe, layi da yawa babu kome. Tilas ya sake shuka a makare, ya sake sayen iri, ga kuɗin maganin da ya tafi a banza. Ya zauna bakin gona ya riƙe kai, ya ce mini an sayar masa da maganin jabu. Na karɓi gwangwanin na duba. Maganin ba shi da laifi, kalma ɗaya ce ta kā da shi. Ni ma ina da nawa laifin a ciki, don da na bi ta gonarsa kafin ranar feshi da abin bai faru ba.

Ga hanyar da za ku bi, mai sauƙi ce. Duk abin da aka rubuta na hekta, ku ninka shi sau 42, ku raba gida 100, abin da ya fito shi ne na faddan. A ce an rubuta lita ɗaya a hekta. Lita ɗaya mililita 1,000 ce. Na faddan ya zama mililita 420. Mai faddan biyar yana bukatar lita biyu da mililita 100. Da ya zuba lita biyar, ya yi asarar kusan lita uku, ban da ɓarnar da za ta yi wa shuka. A ce kuma takarda ta ce kilo 100 na taki a hekta, watau buhu biyu masu kilo 50. Na faddan kilo 42 ne, bai kai buhu guda ba. Wanda lissafin ya yi masa wuya, ya raba abin hekta gida biyar, ya ɗauki kashi biyu, ya ƙara ɗan kaɗan. Ya kusa daidai.

Amma ku duba tukuna, don akwai magungunan da aka yi wa rubutun Larabci a nan Sudan, su da faddan aka lissafa su tun farko. Irin waɗannan ba a rage musu kome. Wanda ya rage ya zuba ƙasa da ƙima, ƙwari su sha su tashi, baɗi su komo sun fi ƙarfin maganin. Saboda haka abin nema a jikin gwangwani ba lamba kaɗai ba ce. A nemi kalmar da ke biye da ita, hekta ce ko faddan.

Kada kuma a ce yawan magani shi ne yawan amfani. Dattawan da suka yi aiki a Jazira cikin ƙarshen shekarun 1970 sun tuna abin da yawan feshi ya jawo. Aka kashe ƙwarin da ke cin 'yan'uwansu, farin ƙuda ya samu fili ya yi yawa, ya riƙa zubar da danƙo a kan auduga har ta riƙa manne wa injin masaƙa, sunan audugar Sudan ya ɓaci a kasuwar duniya, farashi ya faɗi.

Sai mili. Shi ne na fi jin tsoro, don shi da kilo duka dubu su ke nufi, amma ɗaya hawa ya ke yi, ɗaya sauka. Kilogiram giram dubu ne a tare. Mililita kuwa lita ce aka raba gida dubu aka ɗauki ɗaya. Dattawa za su gane shi da tsohon kuɗi: fam ɗaya na Sudan girish 100 ne, malim 1,000. Malim ɗin nan shi ne mili. Abin da masu kantin magani ke kira si-si, shi ne mililita, ba bambanci. In an ce si-si 50 a cikin tankin goyo, a auna da ɗan kofin da ke da zane, kada a auna da murfin gwangwani ko finjalin shayi, don kowane da girmansa. Kofin da aka auna magani da shi kuwa kada ya sake shiga ɗakin girki har abada.

WAJEN AWO DA SAYARWA

Kela da kilo sunansu ya yi kama, har waɗansu na tsammani abu ɗaya ne. Ko kusa. Kela kalmar Larabci ce, cikin mazubi ta ke aunawa, malwa 4 ke cikinta, kela 12 kuma ardab ɗaya. Kilo nauyi ya ke aunawa. Kelar dawa da kelar riɗi cikarsu ɗaya, nauyinsu daban. Haka angurya: mai gashi tana cika mazubi da wuri ba nauyi, wadda aka wanke gashinta kuwa tana kwanciya ta yi nauyi. Don haka irin auduga da kilo mu ke raba shi. Wanda ya karɓi kilo ashirin ya je gida ya zuba a kela ya ga kamar an rage masa, ya komo mu ɗora a sikeli a gabansa.

Ratal ɗaya giram 449 ne. Watau bai kai rabin kilo ba, saura giram 51. Kilo ɗaya ratal biyu ne da kusan kwata. Wannan ɗan bambanci shi ne ƙofar da ɓarna ke shiga. Guffar masu tsinkar auduga ta Jazira ratal 35 ce, kilo 15 da giram 700 ke nan. In mai gona ya ce ratal rabin kilo ne, sai ya nemi kilo 17 da rabi a kowace guffa, ya ci wa mai tsinka kusan kilo biyu. Mace ta yini cikin rana da goyo tana tsinka, a ƙarshe a tauye mata haka, ba daidai ba ne. Yawancin kakanninmu da tsinkar nan suka fara a ƙasar nan kafin su mallaki gona, bai kamata jikokinsu su yi wa wani abin da ba su so a yi musu ba.

Shi ma mai gona ana iya yi masa haka in ya kai kaya. Kantar iri biyu ne. Akwai ƙarami, ratal 100, kusan kilo 45, wanda a ke auna riɗi da ƙaro da shi. Akwai babba na auduga mai angurya, ratal 315, guffa tara ke nan, kilo 141 da rabi. Dalilin wannan lamba, an lissafa cewa in aka gurje ratal 315 za a samu wajen ratal 100 na tsantsar auduga, sauran angurya ce. To, yanzu sikelin da yawancin masu saye ke zuwa da shi na kilo ne, ciniki kuwa da kantar a ke yi. In mai saye ya ce, "Mu bar shi kilo 150 don sauƙin lissafi," sauƙin nasa ne. Kowane kantar ka ba shi kyautar kilo 8 da rabi. Kantar goma, kilo 85, fiye da rabin kantar ya tafi ba ko sisi. Kafin a sauke buhu ɗaya daga amalanke, a tambaya: kantar ɗin nan kilo nawa ne? A kuma yi magana a kan nauyin buhun kansa, a auna wofinsa a gaban kowa, kada a yanke da ka.

In kuna shakkar sikeli, ga inda maganar ruwan nan ta Faransawa ta ke da amfani. Lita ɗaya ta ruwa kilo ɗaya ce. Ku ɗora jarka wofi ku ga nauyinta, ku auna ruwa lita 10 da mazubi mai zane ku zuba, ku sake ɗorawa. Lalle ne ta ƙaru da kilo 10. In ta nuna tara da rabi, sikelin yana cin mai kaya. Da ruwa kaɗai a ke wannan gwaji, don man riɗi da man gyaɗa sun fi ruwa sauƙi, litarsu ba ta kai kilo ba.

Wani lokaci za ku ji a rediyo an ce manoman wata ƙasa suna samun kilo kaza a hekta, lambar ta yi girma har mutum ya raina gonarsa. A juya ta tukuna. Mai samun kantar 4 a faddan, kilo 566 ya samu, a lissafin hekta kuwa wajen kilo 1,350 ke nan.

Kilo yana da yayye waɗanda ba su shiga gona ba tukuna. Mega miliyan ne, asalinsa "babba" da Yunananci. Madatsar Rusairis da aka gama a 1966, aka ƙara mata tsawon mita 10 a 2013, an kafa mata injuna na megawat 280, watau kilowat 280,000. Giga kuwa, wanda samari ke saye a waya, mega dubu ne, asalinsa "ƙato".

Abu ɗaya ya rage. Duk wannan lissafi ba shi da amfani in mutum bai san girman gonarsa ba. Da yawa daga gonakin damina na wajen Rusairis ba a taɓa sa musu igiya ba, uba ya ce faddan biyar ce, ɗa ya gada yana cewa biyar. Na auna wata da a ke kira faddan biyar, na iske huɗu ce da 'yan ƙirat, shekara da shekaru mai ita yana sayen iri da magani na biyar, yana biyan mai tarakta kuɗin biyar. Ku sami igiya ku auna mita 10, ku ƙulla, ku yi ta ƙullawa har mita 50. Ku auna tsawon gona da faɗinta, ku ninka ɗaya da ɗaya, ku raba da 4,200, abin da ya fito shi ne faddan ɗinku. In gonar ba ta miƙe ba, ko tana da kwari a tsakiya, ku gaya wa malamin gona na ƙauyenku tun kafin ruwan farko, zai zo da abin awo ku zaga ta tare.